Rabin Likkafanin Yaya Kulu Yana Amurka

Jama'a, ku matso kusa ku kasa kunne. Mai magana ya haɗiye tasa tukuna, tsohuwa za ta yi tata. Ba tatsuniya na zo da ita ba, ko da yake bakina ya saba da ita. Damina goma sha biyar ke nan da aka kai yayata Kulu makwancinta a Kaoje, ƙasar Bagudo. Sunana Ige. Ban yi boko ba, in aka miƙo mini jarida sai dai in ƙunshe kifi da ita. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ke riƙe da biro, na kuwa ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki sai inda ya zama tilas.

Ni da Yaya Kulu uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara bakwai. Tun muna ƙanana Allah ya raba mana sana'a. Ni na bi dangin babanmu masunta, na kama bandar kifi, hannuna bai san komai ba sai hayaƙi da ƙaya. Ita ta bi innarmu, ta kama kaɗi. Doguwa ce, marar yawan magana, kullum yatsunta uku fari fat da alli. In ka shiga gidanta ba muryarta za ka fara ji ba, sai motsin mazari yana juyawa a cikin ɗan ƙoƙo.

A gidanmu akwai wata al'ada da muka tarar. In mace ta aurar da autanta, furfura ta kama ta, sai ta shuka auduga 'yan gindi kaɗan a bayan ɗakinta. Ita za ta tsince ta, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zaren likkafaninta da hannunta. Duk juyin mazari da istigfari a bakinta. Haka kakarmu ta yi, haka innarmu ta yi. Amma abin yana da dokoki. Ba a kiran sunansa muddin mai shi tana numfashi. Ba ita ke kai zaren wurin masaƙi ba, sai ƙanwa ko ɗiya. A ƙunshe shi a farin ƙyalle, a ɗora farin goro guda ɗaya tak a kai, a ajiye a gaban masaƙi. Da ya ga goron ya san ko mene ne. Ba tambaya, ba ciniki, abin da aka ba shi shi zai karɓa, kuma ko matarsa ba zai gaya wa ba.

Shekara uku Yaya Kulu ta yi tana kaɗin nata. Ranar da ta gama ta aika aka kira ni, ta tura mini ƙunshin da bayan hannunta, ta ce, “Ige, kin san aikinki.” Na ce na sani. Alkawari kuwa kaya ne, ranar na ɗauke shi.

Sai dai a cikin shekara ukun nan masaƙan Kaoje sun ƙare. Ba annoba ce ta kwashe su ba, gwanjo ne. Dila-dila ake sauke shi a Kwatano, ya hauro ƙasar Benin, ya tsallako mana ta iyaka, tufafin da Turawa suka sa suka gaji da su. Wanda zai sami riga da abin da bai kai kuɗin ƙwaryar hatsi ba, me zai kai shi jiran masaƙi? Lokacin kuma shari'a ba ta daɗe da zuwa ba. Mun yi murna, an rufe gidajen giya, mata sun rufe jiki. Amma ban ji wanda ya tambayi daga ina yadin hijabin ya fito ba, sai Yaya Kulu. Ta ce an rufe mu kam, amma da tufan wasu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ɗanta Umaru, mai sayar da shinkafa, ya san abin da uwarsa ke kaɗawa, ko da yake shi ma ba ya kiran sunan. Wata rana a gabana ya ce, “Inna, wagga wahala ta mi? Ga farin yadin alawayyo nan cike da kasuwa. Malamai sun ce fari dai fari na.”

Ta ce, “Malamai sun yi gaskiya. Ƙasa ba ta tambayar wanda ya kaɗa. Ni ce nike son in san abin da na kwanta ciki.”

Na yi ta cigiya har wata Bafulatana mai nono ta ce mini akwai sauran masaƙi ɗaya, Malam Gado, a wani ƙauye bayan iyaka, ta hanyar Segbana. Na hau mota zuwa Tsamiya, daga nan na hau kabu-kabu. Iyakar nan da kuke ji a rediyo kamar katanga, sanda ce aka gitta a hanya. Mutanen wancan gefe danginmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, gawa ɗaya muke yi wa salla.

Na tarar da rumfar gwanjo a ƙofar gidan Malam Gado, babban ɗansa Yakuba, magidanci mai iyali, yana tsaye yana ɗaga wanduna yana kiran masu saye. Tsohon yana baya, gindin mangwaro, zaune a masaƙarsa. Bayan mun gaisa na ce masa ai an ce mini saƙa ta mutu. Ya ce ta mutu, ya naɗe kayan shekara biyar, ya koma noman auduga. Audugar ma ta faɗi. Ya ce a wurin taron manoma aka gaya musu cewa gwamnatin Amurka tana tallafa wa manomanta har su sayar da tasu da araha, ta kashe wa kowa kasuwa. “Audugarmu ba ta da daraja sabo da su,” in ji shi, “tsummansu kuma su ke ciyar da gidana. Yanzu ga ɗiyassu ta zo ta ce in tada masaƙa, wai abin tarihi na.”

Ɗiyar da yake faɗi wata budurwa ce anasara, 'yar Amurka, da aka aiko ƙauyen tana koya wa mata aikin lambu da kiwon lafiyar yara. Mutanen garin sun sa mata suna Fati. Na hango ta ranar tana wucewa a kan keke, ta ɗaura atamfa a karkace, tana gaida mutane da Dandanci, yaren mutanen bakin kogi. Ita ce ta ba Malam Gado aikin farar saƙa, da zaren kanti da Yakuba ya sayo.

Na ajiye ƙunshina a gabansa, na ɗora goron. Ya dubi goro, ya dube ni. Ya ɗauka ya ɓare, ya ci rabi, ya jefa rabi a aljihu. Ya kwance bakin ƙyallen ya murza zaren a yatsunsa, ya daɗe yana murzawa, sannan ya ce, “Ashe akwai sauran masu hannu. Ki komo bayan kasuwa shida.”

Bayan kasuwa shida na koma. Ban tarar da shi ba, an kai shi birni aikin ido. Yakuba ne ya shiga ɗaki ya fito mini da naɗin farar saƙa, ya ce ga aikinku. Na warware kamu biyu na duba. Sumul, fari tas, ba kumburi ko ɗaya. Na ce kai, tsohon nan ya iya aiki. Na sa masa albarka, na ba da abin da aka ba ni in bayar, na ɗauko kayana ina jin na sauke nauyi.

Yaya Kulu tana zaune a tabarma na ajiye mata. Idonta ya riga ya yi rauni lokacin, ba ta ma duba ba. Hannu ta sa, ta bi saƙar da tafin hannunta sau ɗaya, ta janye.

“Ige, wanga ba zarena ba na.”

Na ce, “Haba Yaya, daga hannun ɗansa na karɓo.”

“Ko daga hannun wa kinka karɓo. Zarena yana da gaɓa nan da can, awa karan dawa. Inda na yi tari, inda anka kira ni na waiwaya, inda hannuna ya gaji, duk suna ciki. Wanga ba wanda ya yi tari bisa gare shi.”

Na ce, “Ai kuwa ya fi kyau.”

Ta ce, “Shi ya sa kinka ɗauko shi. Ke da ba ki san komi ba sai wutsiyar kifi.”

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuskarta wajen bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mace ta yi shekara uku tana tuba a cikin zare, ta damƙa mini, na je na dawo mata da na inji, har ina yabo. Kuma duk mun san ba ta da wasu shekara uku a gaba, tarin ya riga ya zauna mata a ƙirji.

Washegari na koma. Malam Gado ya dawo, ido ɗaya a rufe da auduga. Na ajiye naɗin a gabansa, shi ma hannu ya sa. Sai ya kira Yakuba, a hankali, ya tambaye shi ina ɗayan. Yakuba ya ce ai Fati anasara ta zo karɓar nata, ta ga naɗi biyu a ɗaki, ta ce mai gaɓa-gaɓan nan ya fi burge ta, shi ne na gaske. Shi kuma ya ga tsawonsu ɗaya, duka farare, sai ya musanya. Har ga Allah yana ganin alheri ya yi mana, ya ba mu mai santsi, ya ba baƙuwa mai kaushi.

Tsohon ya ce, “Ba ka san aikin goro guda ba?”

Yakuba ya ce, “Wane goro, Baba?”

“Wanda anka aza bisa zaren.”

“Baba, ni ban ga goro ba, ka cinye abinka. In ma na gani, wa ya taɓa gaya mani abin da yake nuhi? Shekarata arba'in gidan ga, ba ka taɓa buɗe baki ba.”

Yaron bai yi ƙarya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun riƙe abu da kunya, mun hana shi suna, muna zaton 'ya'yanmu za su sha shi a nono. Da can suna sha, don a gindin masaƙa suke girma, suna gani da ido. Yakuba kuwa tun yana yaro kasuwa ya bi, a gindin dilar gwanjo ya girma.

Yakuba ya raka ni ɗakin Fati. Da na shiga na ga abina a bango. Ta kai wa tela ya yanka, ya haɗa mata shi gida biyu. Ɗaya ta baza a jikin bango, ta soke hotunan danginta a kai da fil, ga uwa, ga uba, har da kare. Na tambayi ɗayan. Ta yi murmushi ta ce ta aika wa innarta ta gidan waya, za ta shimfiɗa a teburin cin abinci ranar bikinsu na shekara.

A nan ne dole ta kama ni. Sunan da ban taɓa kira ba a kan mai rai, shi ne zan kira, a ƙasar wasu, a gaban baƙuwa. Na buɗe baki sau biyu yana rufewa. A na uku na ce, “Likkafanin yayata ne. Tana da rai, tana jira.” Yakuba ya fara cewa innalillahi, sannan ya juya mata da Faransanci don ta gane sarai. Na ga fuskar yarinyar nan ta yi ja har wuya. Ta zauna a ƙasa daɓas. Can ta miƙe tana cire hotunan ɗaya-ɗaya, fil na zuba. Ta naɗe ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, sai ta je ta ga mai shi.

Ku tuna wane lokaci ne. Shekarun nan ne rediyo ba ta da zance sai yaƙin da Amurka ke yi a ƙasashen musulmi. A masallaci ana alƙunutu, a majalisa ana tsinuwa, mun ji an ce a birane samari na ƙona tutarsu. Umaru kuwa da rediyo yake kwana da ita yake tashi. Da ya gan ni da anasara a bayana da hantsi, sai ya tsaya a bakin zaure ya baza hannu.

“Inna Ige, ɗiyar ƙasar da ke ruwan wuta bisa musulmi za ki shigo da ita gidan ubana?”

Sai muka ji muryar Yaya Kulu daga tsakar gida. “Umaru, juyo in ga bayan rigarka.”

Rigar sanyi ce ta gwanjo a jikinsa. A bayanta ga tutar nan mai taurari, faɗinta ya kai faifai.

Ta ce, “Idona bai gani sosai, amma wagga na daɗe ina ganinta. Tutassu ta yi wata biyu bisa bayanka, kana goye da ita awa jinjiri, ba ka ce komi ba. Ɗiyassu ta tako da ƙafarta ba da haƙuri, ita za ka tare? Kauce ka ba baƙuwa hanya.”

Ya kauce. Da yamma na ga rigar a kan dangar awaki.

Fati ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaida ita. Yaya Kulu ta sa aka kawo ruwa, aka dama fura, sai da yarinyar ta sha sannan aka yi magana. Da Dandanci suka yi, don innarmu mutuniyar bakin kogi ce, mun tashi da shi. Ta karɓi rabin saƙar ta shafa, ta ce wannan nata ne. Ta ji 'yan hujin fil, ta naɗe shi ta ajiye a cinyarta.

Abin da ta gaya wa yarinyar ina riƙe da shi kamar jiya. Ta ce ita ba ta san ƙasarsu ba. Ta san tsummansu, don su ake sawa. Ta san yaƙinsu, don Umaru ba ya kashe rediyo. Yara sun ce a gidan kallo mutanen ƙasar ba su da aiki sai harbi da tuɓe tufa, amma wannan ba ta gani ba, ba za ta yi shaida ba. “Ke ce mutum ta farko da na gani daga can. Kin iya gaisuwa, kin san a tuɓe takalmi. To me ya hana a fara aiko irinki?”

Fati ta ce a ƙasarsu ma mutane da yawa ba sa son yaƙin, innarta tana cikin masu fita titi suna cewa a bari.

Yaya Kulu ta ce, “Allah ya saka mata. Sai dai muryarta ba ta iso nan ba, ta bindiga ce ta iso.” Ta ɗan yi tari, ta ci gaba. “Laifinki ɗaya ne, ɗiyata. Kin ga abu ya yi miki kyau, kina da abin saye, kin saya. Ba ki ce na wa ne ba, ba ki ce na mene ne ba. In ji masu noman auduga haka manyanku suke yi, ashe a gida kika koya. Namu laifin ya fi naki, mu da muka ɓoye abu har ya ɓace wa 'ya'yanmu.”

Yarinyar tana hawaye ta ce za ta rubuta a dawo da ɗaya rabin, ko da zai yi wata uku a hanya. Ni har na ji sanyi a raina, na ce alkawarina zai cika. Sai Yaya Kulu ta girgiza kai.

“Ba a karɓe kyauta daga hannun uwa. Ki bar mata. Amma ki rubuta ki gaya mata ko mene ne. In za ta iya cin abinci a kan istigfarin wata tsohuwa, ta ci, na yafe. Amma ta ci tana sane.”

Bayan baƙuwa ta tafi na ce, “Yaya, kin kashe ni. Da kin bari an dawo da shi.” Ta ce in bar zancen, in ɗauko allura. A gidanmu mace da guda biyar take tafiya: zane, riga, kallabi, da manyan mayafai biyu na naɗewa. Rabin da ya dawo bai isa biyar ba. Ita ta auna da kamunta, ta ce a fitar da zane da riga da kallabi daga nata, mayafan biyu a yi su da na zaren kanti, wanda Fati ta bar mana. “Nawa ya taɓa jikina,” in ji ta, “nasu ya taɓa ƙasa.”

Wata huɗu ta ƙara. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, ni na ɗaura mata kallabin. A gefensa ga hujin fil guda uku a jere, inda hoton wani ya taɓa zama. Na juya wajen zuwa ciki, na ɗaure.

Yau shekara goma sha biyar, nakan zauna in ce da Yaya Kulu za ta leƙo, me za ta ce? A zamaninta sai ka je gidan kallo kafin ka ga Amurka. Yanzu tana cikin aljihun kowane jikana, a waya, da ita suke shiga gona, da ita suke shiga kwalekwale. Akwai ɗan Umaru guda, da safe yana zagin ƙasar a majalisa har jijiyar wuya ta tashi, da azahar yana shagon masu kwamfuta yana cike takardar neman zuwa can. Na tambaye shi wanne ne gaskiyarsa, ya ce duka biyun. Ban yi masa dariya ba. Ƙasar da ta iya sa yaro ya ƙi ta kuma ya yi mafarkinta, ba ƙaramar ƙasa ba ce. Amma ban ga yana ganin girmanta ba. Tsoro da kwaɗayi na gani, su kuwa ba su ne mutunci ba. Ina jin da masu mulkin can sun san yadda ake kallonsu a bakin kogin nan, da sun rage ɗaga murya. Ko kuwa sun sani, ba su damu ba ne. Wannan ya fi ƙarfin mai bandar kifi.

An rufe iyaka, an buɗe, gwanjo bai fasa shigowa ba ko na kwana ɗaya. Yanzu ma an ce yadin da ke cika kasuwa daga ƙasar Sin yake zuwa, har alawayyon. Wato mai sayar mana ya canza, mu dai muna nan a masu saye. A duk Kaoje ban san gidan da ake jin mazari ba. Kwanan baya wata jikata ta tsinci na Yaya Kulu a cikin tarkace, ta kawo mini tana tambaya ko na soke gashi ne. Ban ga laifinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa mu muka bar shi ba yaɓe.

Ba na jin Yaya Kulu za ta yi tsinuwa in ta ga wannan. Ba halinta ba ne. Ba ta taɓa cewa a ƙona gwanjo ba, ta san talaka sai da shi. Abin da ta ƙi shi ne mutum ya rasa ko abu ɗaya da zai ce wannan hannuna ne ya yi, na san farkonsa, na san ƙarshensa. Sana'arta ba ta rage ba, ta tafi da ita. Abin da ya rage mini nata shi ne yadda ta zaunar da mai ƙarfi a tabarma, ta ba ta fura, ta gaya mata laifinta ba zagi, sannan ta faɗi namu ba ragi. Na ga malamai da 'yan siyasa da yawa suna zancen Amurka tun daga lokacin, ban ga wanda ya haɗa biyun ba.

Sauran mutanen kuwa, ga yadda Allah ya yi da su. Malam Gado bai ƙara zama a masaƙa ba tun ranar. Ya ce hannun da aka ba amana ta salwanta ba ya sake riƙe ƙoshiyar saƙa. Damina biyu ya ƙara, ya rasu. Itacen masaƙar, an ce mini surukarsa ta yi akurkin kaji da shi. Yakuba yana da babban shago yanzu a bakin kasuwa, dila yake saukewa da mota, kuma duk wanda ya haɗu da shi daga wajenmu sai ya ce a gaida Inna Ige, a ce ta yafe masa. Na aika masa sau uku cewa na yafe, bai daina ba. Umaru ya yi furfura, ya je Makka, yana nan da shinkafarsa da rediyonsa. Fati ta zo ta'aziyya ranar bakwai, da mayafi a kanta. Ta ce ta rubuta, innarta ta ɗauke rabin saƙar daga teburi, ta naɗe ta sa a akwati, ta rasa yadda za ta yi da shi. Da wa'adinta ya cika ta koma ƙasarsu, ban ƙara jin ɗuriyarta ba. In tsohuwar can tana da rai, to rabin likkafanin yayata yana cikin akwatinta har yau. In ta mutu, Allah kaɗai ya san wanda ya buɗe, da abin da ya zaci shi ne.

Ni kuma ga ni, ƙafa ta ƙi, ido yana bin ta. Ban iya kaɗi ba, ba kuma wanda zan kai wa zare. Watan jiya na aiki Umaru kasuwa ya yanko mini alawayyo. Bayan azahar na sa aka tara mini 'ya'ya da surukai da jikoki a tsakar gida, na ajiye shi a tsakiyarsu. Na ba su labarin audugar bayan ɗaki, da farin goro, da abin da ya sami Yaya Kulu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Surukata ta gane inda na dosa, ta toshe kunne tana cewa, “Inna, don Allah bari faɗi!” Na ce a cire mata hannu. Na ɗaga murya yadda na can bakin zaure zai ji, na ce, “Wannan likkafanina ne. Yana cikin kwalla ƙarƙashin gadona. Kowa ya zo ya taɓa shi ya san shi.”

Suka taso ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramar cikinsu, suka taɓa.